Bargon ƙyallayen da na ɗinka ya tattare ta baya, ina na kuskure wajen kama shi da fil?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗinki, dan Allah shawara nake nema kafin in lalata aiki na biyu. Bayan rasuwar Ummanmu da aka zo rabon kaya akwai tsofaffin atamfofinta guda tara da babu wanda ya kalla, wasu sun koɗe wasu bakinsu ya cinye, ni kuma na ce a bar min. Na zauna na yayyanka su murabba'i murabba'i inci 5, na harhaɗa, layi 13 a faɗi 18 a tsawo, ya ba ni kusan inci 58 da 81. Nufina in yi bargon nan mai hawa uku, ƙyallaye a sama, faiba a tsakiya, yadi a baya, sai a bi shi da layin ɗinki ya kama duka. Autarmu zan ba wa, za ta tafi karatu Jos, kun dai san sanyin garin.

To kafin in taɓa na Umma sai na ce bari in gwada da ƙarami tukuna, na yi wa yarona da ragowar yaduka. Na shimfiɗa a kan gado, na jera su ukun, na kakkama da fil mai kulle irin ƙananan nan da muke kama hijabi, ina ga guda 30 ne ko da ɗoriya, na hau keke. Wlh ta gaba kamar a kanti aka siyo, ina juyawa baya na ga duk ya tattare kamar siket ɗin 'yan firamare, wani wajen ma yadin ya ninku ɗinki ya bi ta kai. Kwana biyu ina warwara da reza, ga allura ɗaya da na karya don na taka fil ban gani ba. Kekena Butterfly ne baƙi na ƙafa.

Fil nawa ake sa wa irin wannan girman, kuma wane iri? A ina ake shimfiɗawa? Ko dai keken ne ba zai iya ba in haƙura in kai wa masu ɗinkin dubet, bargon gadon nan mai faiba a ciki? Gsky bana son ya bar hannuna.

Anti Bilki Houston:

Wa alaikumussalam. Allah ya ji ƙan Umma ya sa ta huta. Ƙanwata kar ki kai wa kowa, kekenki lafiyarsa ƙalau, gadon ne ya cuce ki sai kuma rowar fil da kika yi. Katifa tana lotsawa, kina danna nan can yana tashi, babu yadda za a yi yadin baya ya kwanta sumul a kanta, tun kafin ki hau keke tattarar na ciki ba ki dai gan ta ba ne.

Ni a nan na koya, wajen wasu tsofaffin mata da ke haɗuwa duk sati suna ɗinkin. Kwilt suke ce masa, kuma a Amurka abin ba wasa ba ne, a garin nan duk shekara wajen Oktoba ko Nuwamba ana baje kolinsa mutane na zuwa daga ƙasashe. Akwai wani ƙauye a Alabama, Gee's Bend, matan baƙaƙen fata jikokin bayi, da tsofaffin tufafin aikin gona da yagaggun wanduna suke haɗa nasu don maganin sanyi kawai, a 2002 aka rataye su a gidan adana kayan fasaha na nan Houston, a 2006 har kan sarki aka buga da hotonsu. Shi ya sa da na ga kin ce atamfar Umma sai na ji abin ya taɓa ni. To bari in faɗa miki yadda nake yi.

Ki fara da guga, fuskar da bayan duka, ki kwantar da duk haɗin ɗinkin nan na ciki. Faibar kuma ki warware ta ki bar ta a shimfiɗe ta kwana don layin ninki ya saki, kar ki ɗora mata dutsen guga narkewa take. Yadin baya da faiba dole su fi fuskar girma, ki bar rarar inci 4 ta kowane gefe, kin ga naki bayan zai kama kamar inci 67 da 89 kenan, don in kina ɗinki abin yana ɗan tafiya, in kika yanka cif-cif sai ki zo ƙarshe ki ga baya bai kai ba. Atamfa faɗinta ba ya wuce inci 45 zuwa 47 saboda haka sai kin haɗa biyu, yadi 4 zai ishe ki, amma ki yanke bakin zanen nan mai rubutu kafin ki haɗa, saƙarsa ta fi tsauri, shi ke jan ɗinki in an wanke.

Sai ki share tsakar ɗaki mai tayil ko siminti mai santsi ki goge. Ki shimfiɗa bayan, fuskarsa na kallon ƙasa, ki manne gefunan da tef ɗin takarda irin na masu fenti, ki fara da tsakiyar kowane gefe, wannan gefen sai na ɗaya ɓangaren da ke kallonsa, kusurwa ita ce ƙarshe. A nan mutane da yawa ke faɗuwa: shafe shi za ki yi ya miƙe, ba ja ba. In kika ɗame shi kamar fatar kalangu, kina cire tef zai koma yadda yake ya tattaro fuskar sama, kin ga an gudu ba a tsira ba. Ki ɗora faiba ki shafa daga tsakiya zuwa waje, ki ɗora fuskar ki sake shafawa, layin tayil ɗin ma zai taimake ki ki ga ko ya karkace.

Maganar yawa kuwa, abin da suke cewa shi ne in kika ɗora dunƙulen hannunki ko'ina a jikin bargon ya kamata ya taɓa fil, wato tazarar inci 4 haka. Ke naki ma ya zo da sauƙi, murabba'inki bayan ɗinki inci 4 da rabi ne, ki sa ɗaya a tsakiyar kowanne, 13 sau 18 ya ba ki 234, sai ki ƙara na gefe-gefe, ki dai tanadi 300 hankalinki kwance. In layin haɗin za ki bi da ɗinki to fil ɗin na tsakiya ba zai tare miki hanya ba. In kuma a karkace za ki ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa to tsakiyar ita ce hanyar allura, sai ki gusar da shi gefe. Ki yanke wannan shawarar tun kafin ki soka na farko. Ki fara daga tsakiyar bargon ki dinga yin waje kina shafawa da tafin hannu, kuma kar ki dinga cusa hannu ƙasa kina ɗagawa, ki soka har ki ji bakinsa ya taɓa tayil sannan ki karkato shi sama.

Nan akwai masu lanƙwasa da aka yi musamman don wannan aikin, lamba 1 wajen inci ɗaya, lamba 2 inci ɗaya da rabi, lanƙwasar ce ke sa ya dawo sama da kansa ba tare da ya ture yadi ba. In babu a wajenku miƙaƙƙen ma na yi, ki dai guji manya-manyan nan don huda suke bari, tsohuwar atamfa kuma ba ta mayar da huda. Ki bar su a buɗe sai kin gama sokawa duka sannan ki bi ki kulle, in kin ga inda ya kumbura gyara ba wuya. Kuma da ƙaramin cokalin shayi ake kullewa, ki tura bakinsa ƙarƙashin tsinin ki ɗago ki danna kan, in ba haka ba kafin ki kai 100 yatsunki sun gaya miki.

Tela Mai Almakashi, Kasuwar Barci:

Hajiya Bilki ta gama magana a kan shimfiɗa, ni ta wajen keke zan ƙara don shekarata ashirin da wani abu a kansa. Shi keke haƙoransa na ƙasa ne ke jan yadi, ƙafar sama kuwa dannewa kawai take tana gogawa, in yadi biyu ne sirara ba ka gane komai amma da zarar ka sa abu mai laushi a tsakiya sai na ƙasa ya riga na sama tafiya, ko fil dubu kika sa in dannawar ta yi yawa sai kin ga ɗan tudu na taruwa a gaban ƙafar. Akwai noti a saman kan keken daidai saitin ƙafar, ki sassauta shi kaɗan. Ki buɗe tsawon ɗinki ya kai kamar 3, ki sa sabuwar allura lamba 14, in ya yi kauri 16. Akwai wata ƙafa mai nata haƙoran a sama da ke jan yadi tare da na ƙasa, in za ki nema ki tafi da ƙafar kekenki a hannu a gwada don ba kowacce ke shiga ba.

Sannan nauyin bargon kar ki bari ya zubo ƙasa yana jan allura, ki jawo tebur ki kara ta hagu da baya, ɓangaren da zai shiga cikin hannun keken ki naɗe shi kamar tabarma. Layin farko ki yi na tsakiya daga sama har ƙasa, sannan ki dinga fita gefe. In kin kusa fil ki tsaya ki cire, kar ki ce za ki kauce masa, allura in ta karye tsalle take, ni akwai yaron shagona da ta taɓa samu a ƙasan ido Allah ne ya kiyaye.

Amma tsakani da Allah Hajiya fil 300? Mu nan in an kawo mana dubet alli muke ja, mu kama wuri goma sha, mu bi da gudu kuma ba a taɓa dawo mana da shi ba. Ina ga dai akwai ɗabi'ar Turawa ta son wahalar da kai a ciki.

Anti Bilki Houston:

Malam ai kai hannunka ya saba, kana ɗinki kana jan sama da ƙasa da hannu biyu ba ka ma san kana yi ba, kuma dubet yadi ɗaya ne shimfiɗaɗɗe sabo. Nata guda 234 ne aka haɗa, daga zane tara, kowanne da irin miƙewarsa, wani an wanke shi sau ɗari wani sau goma. In ya lalace kuma ba Kwari za ta koma ta ƙaro ba.

Tela Mai Almakashi, Kasuwar Barci:

To wannan kuma gaskiya ne, na sallama. Tunda tsofaffi ne ma, duk ƙyallen da kika ɗaga wa haske kika ga ya yi shara-shara ki manna masa gam-ste, yadin nan mai gam da ake mannawa da guga, mara kauri ta ciki kafin ki haɗa hawa ukun, in ba haka ba wurin fil ɗin ne zai fara yagewa.

Hajiya ta Maradi:

Ɗiyata Allah shi gafarta ma mahaifiyarki. Ni dai da zare nika kama nawa, ban saba da fil ba. Allura doguwa, zare fari, in bi shi da manyan taku kamar tsawon yatsa, daga tsakiya zuwa waje, tsaye da kwance, tazara kamar santimita 10, in an ƙare aiki a ja zaren shi fita. In da hannu za ki yi ɗinkin na ainihi to wanga ya fi miki, don zare na yawan saƙalewa ga fil kina ja yana kamawa har ki gaji. Amma ga keke gaskiya fil ya fi, don ƙafar keke na shiga ƙarƙashin zaren ta ja, kuma in ɗinki ya hau kansa fitar da shi aiki ne. Ki kama da fari ko da wane launi bargon yake, jan zare ko baƙi na iya barin launi.

Kuma Malam tela da ka ce aikin Turawa, ba ka kallon hawan sallah? Lifidin da 'yan lifidi ke sa ma dawaki da jikinsu mi ne ne in ba wannan ba, yadi sama yadi ƙasa a cusa auduga ko ta rimi a tsakiya a bi da ɗinki, har kibiya ba ta shiga da sauƙi. Kakanninmu sun yi shi tun babu keke babu fil. Abin da munka bari ne wasu sunka riƙe.

Ummu Sadiq PH:

Ni gargaɗi ɗaya na zo da shi don abin da ya same ni bana fatan ya sami kowa. Na siyo fil a kasuwa masu arha 'yan kwali, suna ta ƙyalli kamar azurfa, na kama bargon jariri farin yadi da su ana saura wata biyu haihuwar ƙanwata, sai rashin lafiya ta kwantar da ni na ninke na sa a saman wadirob, kun san Fatakwal da damina ko gishiri a kwano jiƙewa yake, bayan sati biyar na ɗauko kowane fil ya zana min ɗigo biyu ja na tsatsa, na sa lemon tsami da gishiri na shanya wasu suka fita wasu har yau suna nan, dole na juya shi ya zama shimfiɗar canza famfas. Zariya inda kike ba kamar nan ba ce amma in aikin zai kai ki damina ki kula. Ki gwada tukuna, ki jiƙa farin ƙyalle ki soka guda uku ki ƙulle a leda kwana biyu ki gani. Na tagulla ba sa irin wannan tsatsar, in kin kai musu mayen ƙarfe ba sa mannewa kamar na baƙin ƙarfe. Wanda kuma ya ƙi shiga yadi da sauƙi ki yar, bakinsa ya dakushe zai ja zaren atamfar ne kawai.

Sannan tunda akwai yara a gidan ki ƙirga nawa kika sa ki ƙirga nawa kika cire. Ni a gwangwanin madara mai murfi nake zuba nawa, a buɗe nake barinsu don kar in sake wahalar buɗewa wani karon, amma can sama nake ajewa.

Maman Ilham:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, ashe tun daga gado na ɓata. Anti Bilki sauran tambaya ɗaya, falona leda ce a ƙasa ba tayil ba, kuma tun haihuwar Ilham gwiwata ba ta son dogon durƙuso, awa nawa abin ke ci? Sannan yadin bayan sabo na siyo, in wanke ko in bar shi da sitacinsa tunda ya fi miƙewa?

Anti Bilki Houston:

Ki wanke!! Na gaban an wanke su shekara da shekaru sun gama shan ruwansu, sabon auduga kuwa wankin farko sai ya ɗan tsuke, in kika haɗa haka ranar da auta ta wanke bayan zai ja gaban. Kuma ki ga ko yana zuba tun yanzu. In kina son ƙarfin ki fesa sitati da kanki wajen guga.

Leda kam fil zai huda ta ko ya kama ta ki ɗinke bargo da ɗaki. Ki yi a tebur kawai, ko na cin abinci, gwiwarki ma ta huta. Ki nemo tsakiyar tebur ki manna tsinken ashana da tef yadda za ki ji shi da yatsa ta cikin yadi, ki ninka kowane hawa huɗu ki gane tsakiyarsa ki ɗora a kan tsinken, ragowar ya zubo ta gefuna, nauyinsa ma na taimakawa wajen miƙar da shi. Bayan ki kama shi da bakin tebur da manyan kilif ɗin nan baƙaƙe na takardun ofis. Kin gama inda ke kan tebur sai ki saki ki ja zuwa sabon wuri, ki ɗaga fuskar da faibar ki sake kama bayan shi kaɗai tukuna sannan ki mayar da su. In teburin na gilashi ne ko mai tsada ki sa kwali a ƙasa don zai karce. Ni irin girman naki yana cin min awa biyu zuwa uku, in da mai kulle miki a baya kina sokawa bai kai haka ba. Kafin ki hau keke ki juya shi ki shafa bayan da hannu, duk inda kika iya tsunkuno yadi ya tashi to ki buɗe na wurin ki gyara, minti biyar ne a nan, a keke kuwa kin riga kin san kwana nawa ne.

Maman Ilham:

Na dawo da labari. Ranar Asabar muka yi a teburin makwabciyata don nawa ƙarami ne, ni ina sokawa autar da kanta tana bi da cokali tana kullewa, ba ta san nata ba ne, ce mata na yi na wata kwastoma ne. Guda 271 suka shiga, na rubuta a bango da alli saboda maganar Ummu Sadiq. Masu lanƙwasar ban samu ba, na zaga har na gaji, miƙaƙƙu na siya masu ruwan gwal, na yi gwajin leda ba su yi komai ba. Da muka juya wuri biyu ne kawai ya kumbura, duk a inda muka ja shi karo na biyu, na gyara.

Jiya na yi layi shida na tsakiya, na sassauta notin kamar yadda Malam ya ce, baya lafiya lau sai wata 'yar tattara ɗaya ƙarama can kusa da gefe da bana jin zan warware. Abin da ya ɗan tsayar da ni, muna cikin kamawa auta ta tsaya a kan wani kore mai zanen ganye ta ce Yaya wannan ba irin zanen da Umma ke ɗaurawa in za ta yi tuwo ba ne, na ce irinsa ne dai, atamfa ai ba ɗaya ake bugawa ba, ta yi shiru ta ci gaba da kullewa amma ina ga ta gane.

Malam tela, zaren ƙasa ya fara yin ɗan madauki a layi na biyar, daga ina ne wannan kuma? Allurar sabuwa ce lamba 14.